Daƙiƙa Bakwai a Faifan Hassana

Tun da safe Husaina take fama da faifan nan a shagonta na haɗa bidiyon biki a Gyaɗi-Gyaɗi. Faifan walimar saukar Hassana ne, 'yar'uwar tagwaicinta da ta rasu shekara tara da suka wuce, kuma duk duniya babu inda muryarta ta rage sai a cikinsa. Innarsu, wadda idonta ya tafi, ta roƙa a sa mata karatun a waya ta riƙa ji. Gobe da safe kuma za a yi wa Inna aiki a asibiti.

To, faifai ba ya gyaruwa yadda yake, sai an juye shi cikin kwamfuta tukuna. Shi kuwa wannan duk ya ƙarce. Sau shida tana juyewa, sau shida yana maƙalewa a wuri ɗaya. Ta goge shi da gefen mayafi, ta shafa masa man goge baki, ta canja manhaja uku. Ana cikin juyi na bakwai sai aka ɗauke wuta. Kai, ranar har kwamfutar sai da ta sha zagi.

Ana kiran magariba ta tayar da janareta, maimakon ta rufe shago kamar kowa. Abin haushi, a lokacin ne ya juyu tsaf.

Ga Hassana a kan tabarma tana karatu. Tana tsakiyar aya sai wata doguwar mata ta gifta gaban kyamara ta tsaya, ta ba da baya. Awarwaronta na ƙara, cas, cas, ya danne muryar. Daƙiƙa bakwai cur. Husaina ta san duk wanda ya zo walimar nan, amma ba ta san wannan ba.

Ta ja tsaki. Yini guda tana wahala, sannan wata ta zo ta tsaya mata a gaba? Ta sa almakashin manhaja ta datse wurin, ta jefar.

Janareta na ci gaba da ruri, amma hayaniyar titi ta ɗauke. Ba hon ɗin adaidaita ko ɗaya.

Sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rabon garin da ruwa wata biyu.

Cas.

Daga bayanta ne, wajen kujerar masu jira.

Husaina ta kasa waiwayawa. A gilashin kwamfutar ta hango inuwar mutum, kanta ya kusa taɓa silin.

"Kin cire ni," in ji wata murya, ƙasa-ƙasa. "A ina zan zauna?"

Addu'ar da ta zo bakinta ta kakkarye. Ta lalubo guntun da ta jefar. Numfashi mai sanyi yana sauka a wuyanta.

Cas. Cas.

Ta jawo guntun ta saka a layin bidiyon, ko duba inda ya faɗa ba ta yi ba. Ta tura a waya, idonta a rufe. Tana jin ƙarar gamawa ta fita a guje, takalmi ɗaya, shago a buɗe.

A gidansu na Darmanawa ta tarar da Inna a kan sallaya. Ta kunna mata. Inna ta rungume wayar a kunne, hawaye na zuba, tana bin karatun da leɓe. Husaina ta ji duk wahalar yinin ta wuce.

Karatun ya tafi sumul har ƙarshe. Sai muryar Husaina kanta, tana yarinya, tana cewa a matso a ci abinci. Daga nan sai ƙarar awarwaro.

Inna ta sauke wayar a hankali. Ta ce ta san wannan ƙarar. Tun suna jarirai matar take bin Hassana, kuma ita ba ta rabuwa da wanda aka ajiye ta kusa da shi.

"Husaina," ta ce, "da a tsakiyar karatun take. Waye ya matsar da ita?"

An yi aikin Inna lafiya, kullum tana jin muryar 'yarta. Husaina kuwa ta koma ta gyara bidiyon ya fi sau ashirin, guntun ya ƙi matsawa daga bayan muryarta. Yanzu tun la'asar take rufe shago, kuma ta daina sa awarwaro, don in ta ji ƙara ta san ba nata ba ne.