Kadarkon da Mata Suka Ƙi Hawa

Mahmuda yana tsaye cikin rafin Kebbe da tef ɗin awo a hannu lokacin da ya fara ganin Dada. Ta tattare zani, ƙwaryar nono a ka, tana ratsa ruwan kamar ba ta taka ƙasa.

"Malam, kihi kake aunawa?" ta ce, ta kare baki da hannu tana dariya.

Shekara guda ke nan da samun 'yancin kai. Hukumar En'e ta turo shi daga Tambuwal ya tsara kadarkon ƙafa don masu zuwa kasuwa. Ya auna faɗin rafi da iyakar ambaliya, ya gwada ƙarfin ƙasa, sannan ya tambayi dattawa inda ya dace a kafa shi. Suka nuna masa gindin tsamiyar da suke zama.

Kafin a gama aiki soyayya ta kama su. Dada ta yi ajin yaƙi da jahilci, don haka yakan aika mata 'yar takarda: "Dadata, sanyin idona, kowane katako na ɗora da sunanki na ɗora shi."

Aka buɗe kadarko. Maza suka hau. Mata kuwa suka ci gaba da ratsa ruwa can ƙasa, har ranar da rafi ya cika ya kusa tafiya da Fatsuma, gwaggon Dada.

Malam Bube, mahaifin Dada, ya ce a gaban jama'a, "Wanda bai san inda mata ka bi ba, shi za ni ba ɗiya? Ga Atiku ɗan ƙanena nan."

Mahmuda ya kwana uku bai iya fita kasuwa ba. A na huɗu takardar Dada ta zo: "Masoyina, laifin har da ni. Na gani tun farko, kunya ta hana ni faɗi. Ƙafar kadarkonka gindin tsamiya ta sauka, gaban surukan mata. Wace za ta tuɓe takalmi ta durƙusa gaisuwa da ƙwarya uku a kai?"

Ya karanta, ya rufe fuska da takardar. Littafi guda ya cika da lissafi, amma bai tambayi mace ko ɗaya ba.

Ya tafi Tambuwal ya tsaya gaban shugabansa ya ce shi ya yi kuskure. Ya sha faɗa, aka ba shi dama ɗaya. Kasuwa uku yana zaune a mashigin mata, yana gaishe su kansa a ƙasa, yana rubuta abin da suka ce. Da rani aka kwance katakan aka mayar da su can.

Malam Bube ya kira shi. Mahmuda ya durƙusa nesa da tabarma.

"Wanga karon wa ka tambaya?"

"Gwaggo Fatsuma, Baba. Da Inna Mero, da duk mai ɗaukar kaya."

"Ita Fatsuma mi ta ce?"

"Ta ce in ba ni jin magana haka, gidana ma ba shi zamnuwa."

Tsohon ya danne murmushi. "Ta kwana biyu tana damuna a kanka. Turo magabatanka."

Aka ɗaura aure kafin saukar damina. Gwaggo Fatsuma ce ta kai amarya Tambuwal, ta damƙa hannunta a nasa.

"Ga ta nan. Ba ta da yawan magana, sai ka riƙa tambaya. Allah shi ba ku zama lafiya da zuri'a mai albarka."