Gurbin da Soren Ya Bari

Linnea ta zare zoben baikonta ta dire shi kan teburin kicin, kusa da kofin gahawar saurayinta Soren.

"Ashe gaskiya Brandi ta faɗa? Ba ka zaɓi komai ba?"

Soren ya sunkuyar da kai. "Haka na bar wurin."

Jiya ne jihar Minnesota ta kaɗa ƙuri'a kan a rubuta a tsarin mulkinta cewa aure na namiji da mace ne kaɗai. Masu "a'a" suka yi rinjaye, gyaran tsarin mulkin ya sha ƙasa, amma ran Linnea bai yi sanyi ba. Yayanta Nils, wanda ya rene ta bayan rasuwar iyayensu, ya daɗe yana zaune da masoyinsa Wade, ita kuma ta rantse ba za ta auri wanda ya kasa tsaya masa ba, har Soren ya yi mata alkawarin ƙuri'arsa ba za ta taimaki gyaran ba. Mahaifiyar Soren kuwa a ƙofar coci ta sa shi ya yi alkawarin hannunsa ba zai taɓa "a'a" ba. Brandi, mai harin Soren tun suna makaranta, ita ta kawo gulmar da zafinta.

"Matsoraci..." Muryarta ta karye. "Nils ne zai riƙo hannuna ranar bikinmu, kai ko ɗigon tawada ka kasa ba shi!"

"Zuciyata, saurare ni..."

"Kada ka ƙara kira na haka."

Sai ga Mama Doreen, mahaifiyarsa, ta turo ƙofa da tiren gasasshen dankali a hannu.

"Tun daga mota nake jiyo ki. 'Yata, ba ki karanta rubutun da ke kan takardar ƙuri'ar ba? A jihar nan, wanda ya jefa takardarsa ya bar gurbin nan fayau, 'a'a' ake lissafa masa."

Linnea ta waiga a hankali.

"Na sani tun kafin in shiga rumfar zaɓe," in ji Soren. "Alkawari biyu ne a wuyana, ban karya ko ɗaya ba."

Linnea ta sauke ajiyar zuciya, kunya da daɗi suka rufe ta lokaci guda. Brandi dai ta yi asarar yawunta.

"Mama... ke kin san haka, kika sa shi alkawarin?"

Tsohuwar ta ajiye tiren tana cire safar hannu.

"Fasto ya ce in riƙe ɗana, na kuwa riƙe. Amma tun da mijina ya rasu, Nils ne ke kwashe min ƙanƙara a ƙofar gida. Ni ma alƙalamina bai taɓa wurin ba." Ta tura mata zoben da ɗan yatsa. "Mayar da abinki, dankali na hucewa."