Shatin Yatsa a Fiffiken Kumbo

A wani zamani, a wani gari mai nisa, an yi wani saurayi mai tara ƙananan kumbunan zuwa duniyar taurari da 'yan mutum-mutumin matuƙansu. Shi yake haɗa su, ya yi musu fenti da ɗan siririn buroshi, ya jera a kan kanta.

Yana da ƙanwa mai son zama kusa da shi. Kullum sai ta ce, "Yaya, in riƙe maka?"

Kullum sai ya ce, "Kada ki taɓa, bai bushe ba."

Wata rana ya gama wani shuɗin kumbo, ya fita alwala. Yarinyar ta kasa daurewa, ta ɗan taɓa fiffiken. Da ya dawo ya ga shatin yatsarta a fentin, ransa ya ɓaci.

Ta ce, "Yi haƙuri, Yaya. Bar shi haka mana, ya zama nawa."

Bai kula ta ba. A gabanta ya sa samfefa ya goge wurin, ya sake fenti, ya kore ta daga ɗakin.

Da damina zazzaɓi ya kama ta, Allah ya yi mata rasuwa.

Bayan an share makoki, ya ɗauko shuɗin kumbon ya kai bakin taga. Ya juya nan, ya juya can, yana neman shatin ɗan yatsan nan. Fiffiken sumul yake, sai sheƙi. Ya iya aikinsa ƙwarai, bai bar komai ba.