Igiyar da Ba Ta Kai Ruwa Ba

Akwai wata yarinya 'yar sakandare, a gida ana ce mata Auta. Tana da ƙwaƙwalwa, wannan babu musu. Matsalarta ɗaya ce: ba ta bari a gama magana. Kana buɗe baki za ta ce, "Na gane."

Mahaifinta ya rasu, mamanta ce ke riƙe da gidan. Mace ce da ba ta son roƙo ko kaɗan. A bayan ɗaki tana da layi shida na tumatir da barkono. Da su take rufa wa kanta asiri.

Ran nan a aji, Malamar kimiyya ta ɗaga wani ɗan dutse. Ta ce, "Idan aka saki dutse daga sama, a sakan na farko yana faɗuwa kusan mita biyar."

Auta ta ce a ranta, "Na gane." Ta juya bayan littafinta, ta hau zanen riga mai dogon hannu. Malama kuwa ta ci gaba da bayani har ta cika allo. Ko kallon allon Auta ba ta sake yi ba.

A makon nan ne famfon unguwar ya ɗauke. Kwana huɗu babu ko ɗigo. Ganyen tumatir ya fara langaɓewa. Mama ta ɗauki bokiti ta shiga maƙwabta, inda suke da tanki. Ranar farko aka ba ta. Rana ta biyu matar gidan ta kalli bokitin, ta ce, "Yau ma?"

Mama ta dawo tana huci.

"Ni za a ce wa yau ma? Ni da rijiya a gidana?"

Gaskiya ne, akwai tsohuwar rijiya a lungun gidan, da murfin ƙarfe da kwaɗo. Tun da aka jawo famfo ba a sake buɗe ta ba. Igiyarta ta daɗe da ruɓewa.

Mama ta ce, "Auta, ɗauko min zaren ɗinkin nan. Mu ɗaura masa dutse mu zura, mu san tsawon igiyar da za mu saya."

Auta ta yi dariya. "Haba Mama, ai wannan aikin mutanen da ne. An koya mana a makaranta. Ba ni wayarki kawai."

Mama ta buɗe kwaɗon. Ta damƙe bayan rigar Auta tamau, ta ce, "Kada ki leƙa. Saki daga nan." Auta ta saki dutse, ta danna agogon waya. Suka ji ƙarar ruwa. Sakan biyu. Ta sake har sau uku, duk sakan biyu.

Auta ta ce, "Shi ke nan. Sakan ɗaya mita biyar. Sakan biyu mita goma."

"Kin tabbata?"

"Mama, ni fa nake zuwa ta biyu a ajinmu."

Mama ta ji daɗi har cikin ranta. Ta ce a ƙara mita biyu na ɗauri. Suka nufi kasuwa.

Mai igiya dattijo ne, kullum da asuwaki a bakinsa. Da ya ji inda gidansu yake, sai ya girgiza kai.

"Hajiya, rijiyoyin wajenku suna da zurfi. Ki ɗauki ashirin da biyar."

Mama ta kalle shi sama da ƙasa. "Ashirin da biyar? Shanu zan ɗaure? Na san irinku, so kake ka sauke min kayanka. 'Yata ta yi lissafi da agogo. Sha biyu."

"To. Amma in na yanka, na yanka fa. Ba a dawo da ita."

"Wa ya ce maka zan dawo?"

Aka shiga ciniki. Mama ta ce igiyar ta sha rana. Ta ce ta shagon gaba ta fi kauri. Sau uku tana tafiya, sau uku yana kiranta. Daga ƙarshe ya ce, "Kawo, Hajiya. Ke dai ba a cin ribarki." Ya sa wuƙa ya yanka.

Da suka isa gida, Mama ta ɗaura guga ta zura. Igiya ta yi ta tafiya har ta ƙare a hannunta. Shiru. Ta sunkuya, ta miƙa hannu iya tsawonsa. Shiru. Ta jawo gugan. Ya fito a bushe ƙamas, sai yanar gizo a bakinsa.

Mama ta ajiye gugan a hankali. Ta kalli Auta.

"Ina ruwan?"

"Wataƙila... wataƙila ya janye ne."

"Ya janye. Daga safe zuwa yanzu ya ji muna zuwa, ya janye." Mama ta dafe kai. "Oh ni. Na tsaya a tsakiyar kasuwa na gaya wa dattijon mutane magana. Na ce 'yata ta yi lissafi da agogo. Da wane ido zan koma?"

Auta ta sunkuyar da kai.

Mama ba ta dake ta ba. Bokiti ta miƙa mata. "Je ki maƙwabta. Ni na gama jin rabona."

Auta ta je ta yi sallama. Matar gidan ta leƙo, ta ce, "Yau ma? Ba na ji ana buɗe rijiya ba?" Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Bokiti ɗaya aka ba ta. Bai ishi layi shida ba. Kafin gari ya waye, layin da ke jikin katanga ya kwanta gaba ɗaya.

Washegari da aka tashi tara, Auta ta sami Malama a ofis. Ta faɗa mata duk abin da ya faru.

Malama ta ce, "Kawo littafinki in ga abin da kika rubuta ranar."

Auta ta miƙa. Layi ɗaya ne a shafin. A bayansa kuma ga riga mai dogon hannu.

Malama ta daɗe tana kallon rigar. "Ta yi kyau. Sai dai ba ta ɗebo ruwa. Zauna."

Ta ɗauki biro. "Dutsen da ke faɗuwa ba tafiyar ƙafa yake yi ba. Yana tafiya yana ƙara gudu. A sakan na farko ya ci mita biyar. A na biyu ya riga ya ɗauki wuta, sai ya ci sha biyar. Nawa ke nan?"

"Ashirin," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa.

"To ga ƙa'idar. Ki ninka sakan ɗin da kansa, sannan ki ninka da biyar. Biyu sau biyu, huɗu. Huɗu sau biyar, ashirin. Duk lissafin da lamba ke ninka kanta haka, shi ake kira kwadiratik."

Auta ta buɗe baki. "Na ga..." Sai ta haɗiye sauran. Ta ce, "Malama, ban gama ganewa ba. A ƙara min."

Malama ta cire tabarau ta kalle ta. "Yau wace rana? To saurara. Injiniyoyi da shi suke aiki kullum. Mai ƙera birkin mota ya san in gudu ya ninka biyu, nisan da motar za ta ci kafin ta tsaya yakan ninka huɗu. Mai kashe gobara ya san inda ruwan tiyo zai lanƙwaso ya sauka. Da a ce mai birki irinki ne, ya ji layin farko ya rufe littafi, wa zai yarda ya shiga mota?"

Ta rubuta tambaya. "Rijiya mai zurfin mita arba'in da biyar. Sakan nawa dutse zai yi?"

Auta ta raba arba'in da biyar gida biyar, ta sami tara. Ta nemi lambar da za ta ninka kanta ta ba da tara. Ta sake dubawa kafin ta yi magana.

"Uku."

"Madalla. Tashi ki je ki ba mamanki haƙuri."

A gida Auta ta durƙusa ta ce, "Mama, mita ashirin ne. Laifina ne, ban tsaya na ji ƙarshen darasin ba."

Mama ta taɓe baki. "Jiya goma, yau ashirin. Gobe kuma talatin? Ɗauko zaren."

Wannan karon Auta ba ta yi dariya ba. Suka ɗaura dutse suka zura har ya taɓa ruwa. Suka jawo, suka auna da tef ɗin ɗinki. Mita ashirin, saura ɗan kaɗan.

Mama ta ce, "To. Yau bokonki ya kamo zarena."

Suka koma kasuwa. Mama ta gyara mayafi, ta miƙe wuya kamar ba ita ba. Mai igiya na hango su ya cire asuwaki daga baki.

"A'a, Hajiya. Rijiyar ce ta ƙara tsawo?"

Kafin Mama ta amsa, Auta ta matsa gaba. "Baba, ni ce na yi kuskuren lissafi. Kai ne da gaskiya. Ka yi haƙuri."

Dattijon ya yi murmushi. "Yarinyar da ta iya faɗin haka za ta yi nisa. Nawa za a ƙaro?"

"Sha ɗaya," in ji Mama. "Kuma kai za ka ƙulla min su da hannunka, ƙullin da ba ya kwancewa. Kuma ka rage, tunda sau biyu na yi maka ciniki a mako ɗaya."

"Hajiya, ke kika yi kuskure, ni zan biya?"

"Ba ni na yi ba. Ka ji ta da bakinta."

Ya yi dariya har da tari, ya rage, ya ƙulla.

Da yamma guga ya sauka. Suka ji ya daki ruwa. Auta ce ta ja, guga ashirin da ɗaya, har tafin hannunta ya yi ja. Layi biyar suka farfaɗo. Na jikin katanga bai tashi ba, ita ta sake dasa shi da kanta.

Yara, darasi ba a cin rabinsa a tashi. Idan malami yana magana, ku bari ya kai ƙarshe. In ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba, babu kunya a ciki. Kuma kafin a sa wuƙa a yanka, a sake aunawa.