Ya Hanƙurin Audu?

Gajere direba ya kwana biyu bisa hanya da lodin siminti zuwa aikin dam na Bakolori, ƙanensa Audu na barci a gefensa. Bayan isha'i, wajen tsofaffin ramukan zinari kusa da Maradun, ruwan mota ya tafasa. Yana ɗaga bonet sai ga wani tsoho da sallama, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Gajere ya damƙe sifana, a ransa ya ce ɗan leƙen asirin 'yan fashi ne.

Tsohon ya ce, "Ina gajiya? Ina mai ɗakinka Hindu? Ɗiyarka Taiba ta warke?"

"Baba, ina ka san mu?"

"To, ya hanƙurin Audu? Allah shi gafarta mai."

Gajere ya leƙa mota, ya taɓa ƙafar ƙanensa. Sanyi ƙalau.