Lambar da Dogo Ya Ɗaura wa Goggo

Rana ta yi ja lokacin da Dogo ya ɗauki makullai zai rufe gidan. Aikinsa ke nan kullum: ya zagaya ɗakuna, ya ja tagogi, ya kama gabansa.

Gidan na kakanninsa ne, can ƙarshen gonaki. Da hukuma ta mai da shi gidan tarihi, sai aka fitar da mutane aka bar kaya. Kowane abu aka ɗaura masa 'yar takarda mai lamba da jan zare: turmi, randa, har tsintsiya ta samu tata. Doka ɗaya ce, abin da ya samu lamba ba a taɓa shi, ba ya kuma fita. A ɗakin girki aka zaunar da mutum-mutumi uku na katako, aka gitta igiya a gabansu. Dogo ya samu aikin gadi. Goggonsa, wadda aka yanke wa cibiya a gidan, ta samu ɗakin kwano a bakin titi.

Kullum sai ta dogara sanda ta zo.

"Ɗan nan, bar ni in zauna gaban dutsen niƙan uwata. Ko hannu in ɗora."

"Goggo, ba a taɓa kayan tarihi. Sai dai in ke ma kin zama kaya."

Shi Dogo, in dai za a yi dariya, ko gashin bakinsa sai ya sa wa wuta. Ran da baƙi suka cika gida ya ce mata ta shigo. Ya zaunar da ita tsakanin katakan nan, ya ɗaura mata takarda a hannu, lamba casa'in da ɗaya.

"Wannan ta fi duka tsufa," ya ce wa baƙi. "Kar ku matsa, gara ta fara cin ta."

Aka yi ta ƙyaƙyatawa ana ɗaukar hoto. Wani ya zungure ta da biro ya ga ko za ta motsa. Ba ta motsa ba. Hawaye ne kawai ke bin kumatunta.

Bayan kwana tara ta rasu. Zaren lambar ya ƙi almakashi, da shi aka binne ta.

To, yau sati biyu ke nan. Dogo ya rufe rumbu, ya nufi ɗakin girki. Sai ya ji.

Gurr. Gurr.

Dutse a kan dutse. Dutsen da ya shekara goma bai ga hatsi ba.

Ƙamshin sabon gari ya bugi hancinsa. A ƙarƙashinsa akwai wani wari da ya sani: man zafin da Goggo ke shafa wa gwiwa.

Ya leƙa. Ya ƙirga kawuna.

Huɗu.

Niƙan ya tsaya.

"Ɗan nan," muryar ta fito a hankali, kamar ana kankare itace. "Ka makara."

"Goggo… ai an kai ki."

"Sun kai. Ƙasa ta duba hannuna ta maido ni. Mai lamba ba ya fita. Ba kai ka faɗa ba?"

Ya so ya ja baya. Sai ga shi tsaye a gaban igiya.

Kawuna ukun nan suka juyo tare. Ƙiii.

"Mun yi maka wuri," in ji ta.

Kujera 'yar tsugunno. Ba kowa a kai.

Wani sanyi ya zagaye wuyan hannunsa na dama. Zare. Yatsu busassu suna ƙulli, ba gaggawa.

Casa'in da biyu.

Ya fizge. Igiya ta harɗe shi, ya faɗi, ya ja ciki. Gwiwa ta sandare. Ƙugu ya sandare. A bayansa sanda na tafe. Ƙwas. Ƙwas.

Ya kama dokin ƙofa da hannun dama, ya wurga jikinsa waje.

Hannun ne ƙarshen fita. Kafin ya sake shi, ƙullin ya ɗaure.

Manoma suka tsince shi a bakin hanya yana rarrafe. Ƙafafu sun dawo. Hannun bai dawo ba. In an ƙwanƙwasa shi, ƙara yake kamar ƙyaure. Likita ya juya shi sau biyu, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, a nemi kafinta.

Sabon mai gadi ya ce kujerar nan ba ta yin ƙura, kamar ana share ta.

Dogo ya daina ba da dariya. Kowace safiya yakan tarar da wani lallausan gari a kan tabarma, daidai inda hannun ya kwana. Gara ta fara ci, kuma ta kusa gwiwar hannu.