In Fitilun Gada Sun Kai Ista

Iska ce ta haɗa su. Dalibor yana kan tsani yana gyaran fitilu a ƙarshen gadar da jiragen kamun kifi ke tsayawa, tsanin ya fara rawa, sai ya ji an dafe shi. Ya leƙo ya ga Vedrana, 'yar wani dattijo mai jirgi da ake kira Barba Frane. 

"Kai baƙo, in mutuwa za ka yi, bari sai ka koma garinku," ta ce tana dariya. "Me kake ta murɗawa?"

"Mahaɗin waya ne. Ta nan akwatin can yake ba fitilun umarni. In murfin bai ɗauru ba, ruwan gishiri ya shiga, shi ke nan."

"To murɗa da kyau. Da su babana yake gane hanya."

Kafin sanyi ya shigo, son juna ya kama su ba da wasa ba. Amma Barba Frane ya ce atafau ba zai ba shi ita ba. Shi Jerko yake so ta aura, saurayin da ke ja masa taru.

"Mutumin tudu da kayansa duk ɗaya ne, hunturu guda suke tsatsa," ya ce wa Dalibor. "In fitilunka sun kai bikin Ista ba su mutu ba, na ba ka ita. In sun mutu, ka bi jirgin safe ka koma garinku."

Tun daga ranar, kullum magariba garin kaf gadar yake kallo. Ana tsakiyar hunturu fitilun suka fara ƙiftawa.

"Dalibor nawa, yau ma sun ƙifta. Tsoro nake ji," Vedrana ta rubuto masa.

"Kwantar da hankalinki, 'yar teku. Da hannuna na ɗaure su. Gobe zan duba."

Goben ta zo da iskar kudu. Sama ta yi baƙi ƙirin tun la'asar, igiyar ruwa tana tsallake gadar, tsani ba ya ɗoruwa. Duk jirage suka shigo ban da na Barba Frane. Ana nan ana jira, fitilun suka ƙifta suka mutu gaba ɗaya.

Vedrana ta ƙwalla ƙara. Dalibor ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa masunta bakinta, ya rarrafa har ƙarshen gada, ya haye sandar fitilun. Ya tarar an sassauta murfin, cikin mahaɗin ya yi kore da gishiri. Ya yanke wayar, ya sa sabon mahaɗi. Haske ya dawo, can sai ga jirgin yana tangaɗi yana shigowa.

Washegari Dalibor ya zo gidan Barba Frane sallama da jakarsa. Bai zargi kowa ba. Vedrana na bayan ƙofa, kuka ya ci ƙarfinta.

"Sun mutu, Barba. Magana magana ce."

"Na gani, ai daga teku na fi kowa gani." In ji tsohon. "Da duhun ya rufe mu, Jerko ya durƙusa a jirgi yana kuka, yana roƙon gafara. Shi ya sassauta murfin. Shashashan ya manta cewa da hasken nan shi ma yake komawa gida." Ya ture jakar da ƙafa. "Zauna, ɗana. Sharaɗina ne ya kusa kashe mu."

Bayan Ista aka ɗaura auren a majami'ar bakin ruwa, aka gasa kifi har ya yi saura. Jerko kuwa tuni ya bi jirgin safe.

Barba Frane ya haɗa hannuwansu cikin nasa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a. Kada ya nuna muku irin duhun da na gani."

"Amin, Baba," suka ce tare.